Yadda Ake Sanyaya Ƙaramar Kwamfutar Haɗin Gida A Yanayin Zafi Da Ƙura Irin Na Jalingo

A unguwar Mayo Gwoi da ke cikin Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, kamar sauran unguwannin garuruwan Arewa, kwamfuta ta zama kayan neman abinci. Da ita ake buga takardu, ana cike fom ɗin makarantu da na neman aiki, ana gyara hotunan biki da bidiyo. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a shekarar 2015, buƙatar na'urar ta ƙaru a tsakanin ɗalibai da masu shagunan intanet. Wasu matasan kuma, maimakon su sayi haɗaɗɗiya, sukan sayo sassa ɗaya bayan ɗaya su haɗa da kansu a ƙaramin akwati da ba ya cin wuri a shago ko a ɗaki.

Babban abin da ke damun irin wannan kwamfuta shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Jalingo yakan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, sannan daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ta kawo ƙura mai laushi da ke shiga kowane lungu. Tun da darajar naira ta faɗi bayan sauya tsarin canji a watan Yunin 2023, sassan kwamfuta, waɗanda kusan duk daga waje ake shigo da su, sun yi tsadar da mai ƙaramin jari ba zai so ya sayi abu ɗaya sau biyu ba. Wannan bayani ya tattaro abin da mai irin wannan na'ura ya kamata ya sani.

Me ake nufi da ƙaramar kwamfuta

Girman kwamfutar tebur ya dogara ne da girman babban allon da sauran sassa ke zama a kansa, wanda masu gyara ke kira madabod. Allon ATX da kamfanin Intel ya fito da shi a 1995 yana da tsawon milimita 305 da faɗin 244. Wanda ke bi masa, microATX, milimita 244 ne a kowane gefe. Mafi ƙanƙanta a cikin waɗanda aka saba haɗawa a gida shi ne Mini-ITX, wanda kamfanin VIA Technologies na Taiwan ya ƙirƙiro a 2001, mai milimita 170 a kowane gefe. Masu haɗa kwamfuta sukan kira akwati ƙarami idan cikinsa bai kai lita 20 ba, wato bai kai jarkar ruwa irin ta 'yan garuwa ba.

Ƙanƙantar akwati ba ta rage zafin da sassan ke fitarwa. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, zafin da take fitarwa a babban akwati shi take fitarwa a ƙarami. Bambancin shi ne a ƙaramin babu sararin manyan fankoki, sassan sun matsu da juna, wayoyi sun tare hanya, kuma iskar da ke ciki ba ta da yawa, don haka nan da nan take ɗumama.

Daga ina zafin yake fitowa

Kusan duk wutar lantarkin da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Furosesar da ke jan wat 65 tana fitar da zafin wat 65, kusan daidai da tsohon ƙwan lantarki mai zare na wat 60 wanda ba a iya riƙe shi da hannu idan ya daɗe a kunne. Sai dai a furosesa duk wannan zafin yana fitowa ne daga ɗan guntun silikon da bai wuce kan sarki na wasiƙa ba.

Lambar wat da aka rubuta a kwali ba ita ce iyakar abin da furosesa ke ja ba. Intel Core i5-12400, alal misali, an rubuta mata wat 65, amma idan aiki ya yi nauyi tana iya kaiwa wat 117. Core i9-13900K an rubuta mata 125, tana kaiwa 253. Furosesocin AMD Ryzen masu lambar wat 65, irin su Ryzen 5 5600G, an ba su damar jan kusan wat 88. Katin hoto, idan an saka shi daban, sau da yawa ya fi furosesa zafi, domin matsakaicinsa yakan ja daga wat 100 zuwa 200.

Kowace furosesa tana da iyakar zafin da aka ɗora mata. A yawancin na Intel na tebur digiri 100 ne, a yawancin na AMD na 'yan shekarun nan kuma tsakanin 90 da 95. Idan ta kai wannan iyaka sai ta rage gudunta da kanta don ta huce, idan abin ya faskara ta kashe kwamfutar gaba ɗaya. Wannan kariyar ce ta sa furosesa ba ta cika ƙonewa ba. Asarar takan zo ta wata hanya: aikin minti 10 ya koma na 20, kwamfuta ta mutu a tsakiyar rajistar abokin ciniki, sannan ƙananan sassan da ke kewaye, musamman kafasitoci da ma'adanar bayanai, su tsufa da wuri. Yawancin ma'adanan SSD an ƙera su ne su yi aiki a ƙasa da digiri 70.

Zafin ɗaki shi ne mafari

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take turawa a kan ƙarfe mai zafi, kuma ba za ta iya sanyaya komai ya yi ƙasa da zafin wannan iskar ba. A ƙa'ida, duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, furosesa ma takan ƙaru da kusan digiri ɗaya.

Wannan yana da muhimmanci ga mai duba sakamakon gwaji a intanet kafin sayayya. Masu gwada kayan kwamfuta a Turai da Amurka galibi suna yi ne a ɗakuna masu digiri 21 zuwa 25. Idan sun ce wani matsotsin zafi ya riƙe furosesa a digiri 75 a ɗaki mai digiri 22, to a shago mai rufin kwano da ya kai digiri 40 da tsakar rana, wannan haɗin zai kai kusan digiri 93, wato bakin iyaka. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar a riƙe ɗakunan manyan kwamfutoci tsakanin digiri 18 da 27. Mai shago a Mayo Gwoi ba zai samu haka ba sai da na'urar sanyaya ɗaki da tsayayyiyar wuta, don haka abin da ya rage masa shi ne ya bar wa haɗinsa rarar digiri 15 zuwa 20 a kan abin da gwajin waje ya nuna.

Zaɓen matsotsin zafi

Matsotsin zafi shi ne ƙarfen da ke zama a kan furosesa, mai siraran faifai da fanka. Zafi yana bi ne mataki-mataki: daga silikon zuwa murfin furosesa, daga murfi zuwa gindin matsotsi, daga nan zuwa faifan alminiyam, sannan iska ta kwashe. Masu kyau suna da bututun jan ƙarfe a rufe, da ɗan ruwa a ciki wanda aka zuƙe wa iska. Ruwan yakan tafasa a ɓangaren zafi, tururinsa ya tafi ɓangaren faifai ya huce, ya dawo ruwa, haka yake ta zagayawa. Yawan bututun da faɗin faifan su ne ƙarfin matsotsi.

A ƙaramin akwati tsayi ne ke yanke hukunci. Kowane akwati yana da iyakar tsayin matsotsin da zai ɗauka, kuma ana rubuta shi a takardar bayaninsa. Manyan matsotsa masu kama da hasumiya sukan kai milimita 150 zuwa 165, ba sa shiga siririn akwati. Gajeru kuma, misali Noctua NH-L9i na kamfanin ƙasar Ostiriya mai tsayin milimita 37, ko NH-L12S mai milimita 70, an yi su ne don irin wannan wuri. Ƙa'idar ita ce a auna sararin, a sayi mafi girman da zai shiga, a kuma tabbatar ya dace da mazaunin furosesar, ko AM4 ne, ko AM5, ko LGA1700. A duba kada ya danne RAM mai dogon kai. Idan fanka ta manne da bangon akwati takan yi ƙara, don haka ratar 'yan milimita tana da amfani matuƙar bangon yana da huda.

Matsotsin da ke zuwa kyauta a kwalin furosesa, kamar Wraith Stealth na AMD, yana isa aikin ofis, amma a bazara, da aiki mai nauyi irin gyaran bidiyo, yakan kai iyakarsa. Akwai kuma na ruwa mai famfo da lagireto kamar na mota, mai faɗin milimita 120 ko 240. Amfaninsa shi ne yana kai zafin kai-tsaye bakin akwati. Illarsa kuma famfon yana iya mutuwa, ruwan yana raguwa da shekaru, kuma samun madadinsa a Jalingo ya fi samun fanka wuya. Shi ma da iskar ɗaki yake hucewa, ba ya tsallake ƙa'idar da aka ambata a sama.

Man isar da zafi

Murfin furosesa da gindin matsotsi, ko da sun yi sumul a ido, suna da ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki, kuma iska ba ta isar da zafi sosai. Jan ƙarfe ya fi ta isar da zafi fiye da sau 10,000. Man toka-toka da ake shafawa a tsakani aikinsa cike waɗannan ramuka ne kawai.

Ana goge tsohon man da tsumma marar gashi da sinadarin isofurofil, a bar shi ya bushe, sannan a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya. A ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan, a riƙa tsallakawa daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, don matsin ya daidaita. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da ledar da ke manne a gindin sabon matsotsi. Man goge baki, man shafawa ko giris ɗin mota ba sa maye gurbinsa: wani yakan bushe, wani ya narke ya zuba a kan allo. A wuri mai zafi, sabunta man bayan shekara 2 ko 3, ko duk lokacin da aka cire matsotsin, ya wadatar.

Hanyar iska

Matsotsi mafi tsada ba zai yi amfani ba idan iskar da ya ɗumama tana juyawa a cikin akwati tana dawo masa. Dole iska ta samu ƙofar shiga da ƙofar fita, ta kuma bi ta kan sassan da suka fi zafi.

Ana iya lissafa yawan iskar da ake buƙata. Kowane murabba'in ɗaki na iska mai mita 1 tsawo, faɗi da tsayi yana ɗaukar kusan jul 1,200 kafin ya ƙaru da digiri ɗaya. Kwamfutar da ke fitar da wat 200, idan ana so iskar da ke fita kada ta wuce wadda ke shiga da fiye da digiri 10, tana buƙatar kusan irin wannan ma'auni 60 a kowace awa, wato kusan CFM 35 a lissafin da ake rubutawa a kwalin fanka. Fanka ɗaya mai milimita 120 tana iya ba da haka a sarari, amma raga da tacewa da wayoyi suna cinye kaso mai yawa. Shi ya sa fanka biyu masu matsakaicin gudu suka fi guda ɗaya mai ihu.

Fankokin akwati suna zuwa da girman milimita 80, 92, 120 da 140. Kaurinsu na yau da kullum milimita 25 ne, akwai kuma sirara masu 15 don matsatsin wuri. Babbar fanka tana tura iska mai yawa ba tare da gudu sosai ba. Iska tana fita ne ta ɓangaren da sandunan da ke riƙe injin fankar suke, kuma da yawa suna da kibiya a gefe. Idan ana shakka, a kusantar da ɗan yankin takarda a ga ko za a ja shi ko a ture shi. Fanka mai fil 4 ta fi mai fil 3 sauƙin sarrafawa daga cikin BIOS, inda ake iya tsara ta ta ƙara gudu tun furosesa tana digiri 60.

Tsarin da aka saba shi ne iska ta shiga ta gaba ko ƙasa ko gefe, ta fita ta baya ko sama. A siraran akwatuna, matsotsin furosesa da katin hoto kowanne yana shaƙar iska kai-tsaye daga hudar bangon da ke kusa da shi, don haka fankokin akwatin sun fi amfani idan an sa su suna fitarwa. A ɗaure wayoyi a gefe, a cire ma'ajin faifan da ba a amfani da shi. Akwatin wuta samfurin SFX ya fi na ATX barin sarari, kuma a juya fankarsa ta fuskanci hudar waje idan akwatin ya ba da dama.

Ƙura da hunturu

Idan iskar da fankoki ke shigarwa ta fi wadda suke fitarwa, rarar takan fita ta kowace kafa, ƙura ba ta samun shiga sai ta inda aka sa raga. Idan kuwa fitarwa ta fi yawa, akwatin yakan zuƙo ƙura ta kowace tsaga. A garin da hazo ke sauka wata uku ko huɗu a shekara, tsari na farko ya fi dacewa, muddin an sa ragar tacewa a kan fankokin shiga. Ragar tana rage iska kaɗan, kuma idan ta toshe ta zama bango, don haka a wanke ta duk mako biyu a hunturu, a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar.

Wajen kakkaɓe ciki, a kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango, a fita da ita waje, a yi amfani da na'urar hura iska irin ta masu gyara ko buroshi mai laushi. A riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima ta lalata mata gindi. Hurawa da baki tana kai danshi. Busasshiyar iskar hunturu kuma tana tara wa jiki lantarkin da ke tartsatsi idan an taɓa ƙarfe, wanda ke iya kashe RAM ko allo, don haka a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa sassan, a kuma riƙe su ta gefe.

Rage wutar da furosesa ke sha

Hanya mafi arha ita ce rage zafin tun daga tushe. Wutar da furosesa ke ja tana hauhawa da sauri fiye da gudunta, domin ƙarin gudu na ƙarshe yana buƙatar ƙarin ƙarfin lantarki, kuma zafin yana bin ninkin wannan ƙarfin ne. Saboda haka rage wuta da kashi ɗaya cikin huɗu ba ya rage aiki da kashi ɗaya cikin huɗu, ragin aikin yakan yi ƙasa da haka sosai.

A allunan AMD akwai tsarin Eco Mode da ke sauko da furosesa mai wat 105 zuwa matakin 65, da Curve Optimizer da ke rage ƙarfin lantarki kaɗan-kaɗan. A na Intel ana saita iyakokin da ake kira PL1 da PL2 a cikin BIOS. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, a gwada, a rubuta abin da aka sauya. Ga mai aiki da janareta ko sola da inbata, wannan yana rage shan mai da cin batir ma.

Wuta da wurin ajiyewa

Akwatin wuta shi ma yana fitar da zafi. Kwamfutar da ke buƙatar wat 300, idan ingancin akwatin wutarta kashi 85 cikin 100 ne, za ta ja kusan wat 353 daga bango, wat 53 ya tafi a zafi. Idan kashi 90 ne, asarar wat 33 ce. Tambarin 80 Plus a jikinsa yana nuna an gwada ingancinsa. Jalingo tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Yola, YEDC, wanda ke kula da Adamawa, Borno, Taraba da Yobe. Mai sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta ko sola yana buƙatar UPS, don kada kwamfuta ta mutu farat ɗaya tana tsakiyar aiki.

A ɗora akwatin a kan tebur, domin ƙura ta fi taruwa a ƙasa. A unguwannin bakin ruwa irin Mayo Gwoi, wadda ta samo sunanta daga kogin da ke ratsa ta, ɗaga shi daga ƙasa kariya ce daga ruwan damina kuma. A bar tazarar aƙalla santimita 10 tsakanin hudodinsa da bango. Kada a sa shi a cikin rufaffen kabad, ko inda rana ke faɗowa ta taga, ko kusa da inbata da batura. Mayafin kare ƙura sai bayan an kashe ta ta huce. Silin a ƙarƙashin rufin kwano da taga biyu masu fuskantar juna suna rage zafin ɗaki, abin da kwamfuta da mai ita duk za su amfana da shi.

Yadda ake gane inda matsalar take

Manhajoji na kyauta irin su HWiNFO da Core Temp suna nuna zafin furosesa da gudun fankoki, Cinebench kuma tana ɗora mata nauyi don gwaji. A yi gwajin na minti 10 zuwa 15 da tsakar rana, a rubuta zafin ɗaki tare da sakamakon, domin lambar da ba a haɗa ta da zafin ɗaki ba ba ta da amfani wajen kwatantawa.

Idan zafi ya yi tsalle zuwa iyaka cikin 'yan daƙiƙu, matsotsin bai zauna daidai ba, ko man ya bushe, ko an bar leda. Idan yana hawa a hankali har tsawon mintuna, iska ce ba ta fita. Don tabbatarwa a cire murfin gefe a sake gwadawa: idan ya sauka da digiri 8 ko 10, a gyara tsarin fankokin akwati, idan bai sauya ba sosai, matsotsin ne ya yi wa furosesar kaɗan, sai a sauya shi ko a rage mata wuta. Furosesocin Ryzen 7000 da suka fito a 2022 an ƙera su ne su riƙa kaiwa digiri 95 a aiki mai nauyi, don haka ganin wannan lamba a kansu ba alamar lalacewa ba ce. Abin dubawa shi ne ko gudunsu yana faɗuwa.

Kulawa bisa lokutan shekara

A ƙarshen Fabrairu, bayan hazo ya lafa kafin bazara ta kankama, a yi babbar shara, a duba man isar da zafi, a gwada kowace fanka. A Maris da Afrilu a rage wa furosesa wuta, a kuma bar ayyuka masu nauyi zuwa safiya ko dare. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, ƙurar da ta sha danshi takan daskare a faifan matsotsi ta jawo tsatsa, don haka kada a bari ta taru. A Nuwamba a wanke raga a koma tsarin mako biyu-biyu.

Mai shirin sabon haɗi, ko daga kasuwar Computer Village ta Ikeja zai yi odar kayan, ko daga Kano ko Abuja, ya fara da tambayar wat nawa sassan za su fitar, sannan ya zaɓi akwati mai huda a gefe da sama maimakon mai bangon gilashi. Furosesa mai wat 65 da matsotsi mai kyau da fanka biyu za su yi aikin shago shekara da shekaru a zafin Jalingo.